MACE A KUJERAR CIYAMAN: ANKO DA GUƊA BA SU ISA BA

Ran Asabar 20 ga watan Janairu na 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 27 na Jihar Barno. Da aka gama ƙidayar ƙuri'u sai jam'iyyar APC mai mulkin jihar ta kwashe kujerun gaba ɗaya, wannan kuwa bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne a cikin shugabannin nan 27 da Gwamna Babagana Umara Zulum ya rantsar akwai mace guda ɗaya, watau Hajiya Inna Galadima, wadda ta ci kujerar ƙaramar hukumar Jere. Ita ce mace ta farko da ta hau irin wannan kujera ta hanyar ƙuri'a a jihar, shekara 47 bayan matan Arewa sun fara shiga layin zaɓe.

Kada mai karatu ya zaci wata 'yar kujerar ado ce aka ba ta don a rufe bakin mata. Jere ta kusa zagaye birnin Maiduguri, har unguwanni da yawa waɗanda baƙo zai ɗauka cikin gari ne, a takarda na Jere ne. A nan fadamar shinkafar nan take wadda birnin ke ci daga gare ta. A nan garin Zabarmari yake, wanda 'yan Boko Haram suka yi wa manomansa yankan rago a gonakin shinkafa ran 28 ga watan Nuwamba na 2020, aka yi jana'izar mutum 43 a lokaci ɗaya. A nan kuma dubban 'yan gudun hijira suka yi shekaru a sansanin Muna. Ba a cika wata takwas da rantsar da Hajiya Inna ba, ran 10 ga watan Satumba na 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale unguwannin Maiduguri da na Jere. Kujera ce mai zafi ko ga namiji.

Ba ita kaɗai ba ce. A 2021 an zaɓi Hajiya Halima Kyari Joda shugabar ƙaramar hukumar Nangere, kusa da Potiskum, ta zama mace ta farko a wannan matsayi a Jihar Yobe. A watan Afrilu na 2024 Hajiya Fatima Binta Bello, wadda ta taɓa zama 'yar Majalisar Wakilai, ta ci kujerar Shongom a Jihar Gombe. A watan Oktoba na shekarar kuma mace ce ta ci kujerar Tudun Wada a Jihar Kano. Wanda ya dubi waɗannan zaɓuɓɓuka huɗu zai ga abu guda ya haɗa su. A Yobe jam'iyyar Gwamna ce ta cinye kujeru 17 duka, a Gombe 11 duka, a Kano jam'iyyar NNPP ta ɗauke 44 duka tare da kansiloli 484. Watau dai kowace daga cikin matan nan ta ci zaɓenta ne tun ranar da jam'iyyar da ke mulkin jihar ta miƙa mata tuta. Ranar jefa ƙuri'a, shaida kawai aka je yi.

Wannan shi ne abin da masu cewa suna goyon bayan mace 'yar takara suka cika mantawa da shi.

YADDA AKA FARO

Matan Kudu sun daɗe da sanin ƙofar majalisar gari. A Abeokuta, ƙungiyar matan kasuwa a ƙarƙashin Misis Funmilayo Ransome-Kuti ta tsaya kai da fata a kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a watan Janairu na 1949, aka kuma ba mata kujeru huɗu a majalisar riƙon ƙwarya ta ƙasar Egba. A zaɓen tarayya na 1959 matan Gabas da na Yamma da na Ikko sun jefa ƙuri'a. Matan Arewa kuwa suna gida, domin jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa ba ta yarda ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ce ta riƙe wannan magana, ita ma kuma a kan wuyan Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya nauyin ya fi sauka. Tun tana 'yar shekara 17 ta shiga jam'iyyar, ta bi gida gida tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, ta tafi har Abeokuta wajen Misis Kuti don ta ga yadda suke shirya mata. An ɗaure ta sau 16, an yi mata dūka, an aske mata kai.

Abin da bai samu ba a zamanin farar hula, soja ne suka zartar da shi. A 1976 Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo, da Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa yana Babban Hafsan Hafsoshi, ta yi wa mulkin En'e gyaran fuska, ta kasa ƙasar nan ƙananan hukumomi 301, ta kuma ba matan Arewa ikon zaɓe da tsayawa takara. Saboda haka ƙuri'ar farko da macen Arewa ta jefa, a zaɓen ƙaramar hukuma ta jefa ta, cikin watan Disamba na 1976. Bayan shekara bakwai Malam Aminu ya ɗauki mace, Misis Bola Ogunbo, don ta tsaya masa mataimakiya a takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar PRP, sai dai Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 1983 kafin zaɓen.

Tun daga 1996 ƙananan hukumomi sun kai 774. A rajistar zaɓen 2023, cikin mutum miliyan 93.4, mata miliyan 44.4 ne, watau kashi 47.5 cikin ɗari. Duk ɗan siyasar Arewa ya san layin mata ne ke fara cika da sassafe, shi ne kuma ke ƙarshen watsewa, ga goyo ga rana. Amma a wajen rabon kujeru, da ƙyar a samu mace ɗaya a jiha guda.

Ga shi kuwa aikin ƙaramar hukuma, kamar yadda Tsarin Mulki na 1999 ya jera shi, kusan duk a ƙofar ɗakin mace yake: kasuwa da tasha da mayanka, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. In famfon unguwa ya lalace, ita ce ke tura yara da bokiti. In ba ungozoma a ɗakin shan magani na ƙauye, ita ce ake ɗorawa a kan babur ko amalanke cikin dare tana naƙuda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

INDA AKE YANKE MAGANA

Zaɓen ƙaramar hukuma ba hukumar INEC ta tarayya ke yin sa ba, in ban da yankin Abuja. Kowace jiha tana da tata hukumar, Gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninta. Shi ya sa da wuya a ji jam'iyyar hamayya ta ci ko da kujera ɗaya. To, tun da haka ne, takara ta gaskiya tana cikin gidan jam'iyyar da ke mulki, a nan ne kuma ake kayar da mata.

A shekarun baya hanyar fitar da ɗan takara uku ce. Akwai ta wakilai, waɗanda ake ce wa daliget, akwai 'yar tinƙe wadda jama'a suka raɗa wa suna ƙato bayan ƙato, akwai kuma masalaha. Ta ukun nan ita ce ta fi yawa, masalahar kuwa sau da yawa ɗauki-ɗora ce aka sa wa riga. Dattawan jam'iyya na ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar jiha, da kwamishina, da wani attajiri mai ɗaukar nauyin hidima, su ne za su zauna su fitar da suna ɗaya ko uku a kai wa Gwamna. Zaman nan ba a ofis ake yin sa da rana ba. A falon wani babba ne, ko a ɗakin hotal a babban birnin jiha, daga bayan sallar isha'i har ƙarfe biyu na dare. Macen aure da ta zauna a wurin, kafin gari ya waye an sa mata suna. Wadda ba ta je ba kuwa, da safe za ta ji an gama.

A shugabannin jam'iyya na mazaɓa, kujera ɗaya ce kowa ya san ta mace ce, watau shugabar mata. Aikinta shi ne tara mata ranar taro, rabon atamfa da sabulu da taliya, cika motoci, da jagorantar guɗa in babban baƙo ya iso. Ita ce ta san kowane gida, ta san wadda ta haihu da wadda aka yi wa rasuwa. Amma ranar da za a fitar da suna, ba a kiran ta.

Ba wai ba a iya cin daliget ba ne. A watan Mayu na 2022 Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ta tsaya zaɓen fitar da gwani na Gwamnan Adamawa a jam'iyyar APC, ta samu ƙuri'a 430, Malam Nuhu Ribadu ya samu 288, tsohon Gwamna Jibrilla Bindow yana bayansu. Sai dai ba a wannan watan ta fara ba. Ta yi Majalisar Wakilai daga 2011, ta shiga Majalisar Dattawa a 2019, ta yi shekaru tana bin mazaɓu ɗaya bayan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan ga kuɗi. Manyan jam'iyyu sukan yi shelar sun yafe wa mata kuɗin fom, kamar yadda APC da PDP suka yi a 2022, a bar su da kuɗin takardar nuna sha'awa kawai. Wannan abin a yaba ne, amma fom ɗin jam'iyya daban, na hukumar zaɓen jiha daban. A 2024 hukumar zaɓen Jihar Kano ta fara yanka Naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman da miliyan 5 ga mai neman kansila, har magana ta kai kotu. A shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. In aka buga lissafi, ma'aikaciyar da ke kan wannan albashi sai ta yi kusan shekara 12 ba ta taɓa ko kwabo ba kafin ta tara kuɗin takarda. Ba a zo maganar fasta ba, ba a zo man mota ba, ba a zo sallamar masu zuwa gaisuwa tun da asuba ba. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta yi shekara ashirin tana yi wa garinsu hidima, wadda kowa ya shaide ta, a nan take tsayawa. Wadda ta wuce kuwa, yawanci wani ne ya biya mata, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai wata matsala da namiji bai san ta ba sam. In mace ta tsaya a garin mijinta sai a ce baƙuwa ce, ta koma garinsu. In ta koma garin ubanta sai a ce ai ta yi aure ta tafi. Ran 1 ga watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran Tsarin Mulki, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne wanda zai ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Mata sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar Majalisa. A watan Afrilu na shekarar wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci Gwamnati ta cika alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai wanda ta ɗaukar wa mata tun 2006. Majalisar Dattawan da ta biyo bayan zaɓen 2023, mata huɗu ta samu cikin 109.

Maganar tsoro ma ba a barin ta. Ran 18 ga watan Nuwamba na 2019 aka ƙone Misis Salome Abuh, shugabar matan PDP ta mazaɓa, a cikin gidanta a Ochadamu ta Jihar Kogi, bayan zaɓen Gwamna. Kowace jiha tana da sunan da take kiran 'yan bangarta, sara-suka a Bauchi, ƙalare a Gombe, 'yan daba a Kano. Mijin da ya hana matarsa takara ba kullum ne don kishi ba.

BAKIN MALAMAI

A Arewa ba a yin wannan zance ba tare da an zo kan addini ba, kuma 'yar takarar da ta yi kamar ba ta ji ba, ta yaudari kanta. Akwai malaman da ke ganin hadisin nan da ke cikin Bukhari a kan mutanen da suka shugabantar da mace ya hana ta kowane irin shugabanci a kan maza. Akwai kuma masu ganin a kan babban shugabancin al'umma baki ɗaya ya tsaya. Saɓanin tsoho ne. Imamu Abu Hanifa ya yarda mace ta yi alƙalanci in ban da shari'ar haddi da ƙisasi, Imamu Ɗabari ya yarda ba togiya, alhali kuwa mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan ba ta yarda ba. Masu goyon baya sukan ce ciyaman ba alƙali ba ne, ba kuma halifa ba ne, ma'aikaci ne mai wa'adi a ƙarƙashin doka da majalisar kansiloli. Sukan kuma tuna wa jama'a Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da jajinta da ta riƙa aikawa ƙauyuka suna karantar da mata, da sarautar Magira a Barno da ta Inna a Gobir. Wannan muhawara a zauren malam ake yin ta, cikin ladabi, tun kafin a buga fasta. Masu zuwa daga birni su yi taro a hotal su kira malamai 'yan baya, ƙuri'a suke rage wa wadda suka zo taimako.

Masu cewa al'adar Bahaushe ce ba za ta ɗauka ba, sai su leƙa Maraɗi da Damagaram. A 2000 Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar da ta tilasta a ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, aka kai 25 a 2019, mata kuwa suka zauna a majalisun gundumomi har zuwa watan Afrilu na 2024 da gwamnatin soja ta rushe majalisun. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ɗaya da Katsina da Daura.

ABIN DA GOYON BAYA KE NUFI

Abin da aka saba gani shi ne a ɗinka anko mai hoton Hajiya, a ɗauko makaɗa, a cika fili, a yi guɗa, a watse. Kuɗin ankon nan kaɗai da ya isa wani abu. Matan Arewa sun fi kowa sanin adashi da gudunmawar biki, ba a kuma taɓa jin adashin unguwa ya rushe don rashin akawu ba. Mata 10,000 in kowace ta ba da Naira 1,000, miliyan 10 ke nan. 'Yar takarar da ta sayi fom da irin wannan kuɗi, ta san waɗanda za ta yi wa bayani. Ƙungiyoyin makarantun Islamiyya na matan aure, da zumuntar mata ta coci, da 'yan kasuwar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ƙungiyar malaman makaranta, duk suna da rajistar mutanensu da ranar taronsu. 'Yan siyasa maza sun daɗe suna amfani da su.

Bayan kuɗi sai katin jam'iyya. Macen da ba ta da kati ba ta da bakin magana a ranar zaɓen shugabannin mazaɓa, daga nan ne kuwa daliget ke fitowa. Ba wata doka da ta ce sakataren mazaɓa ko ma'aji sai namiji. Sa'an nan ana bukatar maza, wannan kuwa ba abin kunya ba ne: miji ko wa ko kawu da zai raka ta zaman dare ko ya nemi a mayar da shi la'asar, dattijon da zai tsaya a gaban mai gari ya ce 'yarmu ce, da samarin da za su tsaya ejan. Rumfunan zaɓe na ƙasar nan 176,846 ne, in aka raba wa ƙananan hukumomi 774 kowace za ta tashi da fiye da 200. Kowace rumfa tana son mutumin da zai tsaya har a ƙirga, ya karɓi takardar sakamako, ya bi akwati zuwa wurin tattarawa.

A yi hattara kuma da kujerar mataimakiya. A zaɓen 2020 na Jihar Kogi, mataimakan ciyaman 21 duka mata ne, abin da aka yi ta yabawa. Amma mataimaki a sakatariyar ƙaramar hukuma ba ya sa hannu a takardar kuɗi, aikinsa wakiltar maigida wajen suna da ta'aziyya. In an ce wa 'yar takara ta janye a ba ta mataimakiya, ya kamata magoya bayanta su san abin da aka saya da abin da aka sayar.

In Allah ya ba ta, aikin bai ƙare ba. Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, kashi 20.6 cikin ɗari, yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun Gwamnoni, ciyaman ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, a ba shi na albashi da ɗan abin hidima. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Shekara guda bayan hukuncin jaridu suna ta ba da labarin kuɗin ba su fara zuwa kai tsaye ba. Macen da Gwamna ya ɗauko shi kaɗai ba za ta iya buɗe baki a kan wannan ba, kamar yadda takwarorinta maza ba su iyawa. In kuwa ta gaza gyara ko da rijiyar burtsatse ɗaya, ba za a ce asusun haɗin gwiwa ba ne, cewa za a yi an gwada mace an gani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan buga abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata wata. Matan da suka yi mata adashi suna da damar su riƙe wannan takarda su je ofishinta su tambaya, suna da damar kuma su tsaya mata in tambayar ta wuce sakatariya ta nufi gidan Gwamnati.

Wa'adin ciyaman gajere ne, shekara biyu a wasu jihohi, uku a wasu. In ya cika, dattawan nan za su sāke zama a falon nan, su kuwa a cikin waɗanda suka riga suka yi kansila ko suka riƙe jam'iyya a mazaɓa sukan duba. Kujerun kansila 312 ne a Jihar Barno, 484 a Jihar Kano, kuɗin takararsu bai kai na ciyaman ba, mazaɓa ɗaya kuma mace tana iya zagaye ta da ƙafa tsakanin azahar da magariba.